Yaya Hammadu da Bai Yafe wa Sabon Gem Ba

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Yaya Hammadu yana buga gem ɗin nan nasa, wato wasan talabijin, ya san ba ya shiga gidan kowa a ciki sai ya yi sallama. Da bakinsa yake yi, a hankali, kamar wanda ya je gidan surukai. Gem ne irin na jarumai da dodanni da matsafa, wanda ake fitar da sabo duk bayan 'yan shekaru tun muna yara a unguwar Ɗan Iya. Sunansa ya fi ƙarfin bakin Innarmu, sai ta riƙa ce masa Masu Takobi, mu ma muka bi ta.

A ciki ana shiga gidajen ƙauyawa a buɗe akwatuna a kwashi magani da makamai. Kowa haka yake yi, haka aka tsara shi. Ban da yayana.

Wata rana na ce, "Yaya, ga akwati can bayan tsohuwar, buɗe mana."

Ya ce, "Ta ba ni?"

"Ai ba mutum ba ce, zane ne."

"To zanen ya ba ni?"

Haka jarumansa suka yi ta yawo da tsofaffin takubba, dodanni na lallasa su, shi kuwa ko a jikinsa.

Ya girma, ya zama malamin lissafi a sakandare, ya auri Anti Rabi, ya gina gida a Inkil, furfura ta fara leƙowa, amma bai bar Masu Takobi ba. Abin da ya canza kawai, ya fara jin haushin masu yin sa. A tsofaffin, kai ke raɗa wa jarumai suna. Mai ba da magani kullum sunanta Inna, babban jarumi Hammadu, ɓarawon tawagar kuwa ni, ƙaninsa Sani, duk da ban taɓa ɗaukar masa komai ba sai hula. Da aka fitar da wanda jaruman ke magana da murya, sai suka zo da sunayensu, ba dama a canza. Ranar da ya kunna, ya daɗe yana kallon talabijin, sannan ya ajiye fad ɗin, wato abin dannawa.

Anti Rabi ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Sun kori Inna daga aiki."

Lokacin ba a daɗe da rasuwar Inna ba. Mun yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Babbar rigima ita ce ta faɗa. A da, bi da bi ake yi: ka zauna ka yi tunani, ka zaɓi sara ko tsafi, sannan dodo ya rama. Sabon da ya biyo baya ya watsar da wannan, sai tsalle da gudu da saurin yatsa. Amininsa Garba tela, wanda suka fara gem tare a wani shago a Ƙofar Ran, shi sabon ya burge shi. A majalisarmu ta bayan la'asar, a ƙofar shagon Garba, aka kwashi 'yan kallo.

Garba ya ce, "Hamma, ka faɗi gaskiya. Wane yaƙi ne za a ce maƙiyinka ya tsaya yana jiranka kamar layin asibiti?"

Yaya ya ce, "Na da, ko dodo yana da tarbiyya. Sai ka gama magana yake sa baki."

"Duniya ta ci gaba. Yara ba za su zauna jira ba."

"To su yi wa yaran nasu daban. Wannan namu ne, mu muka raine shi."

"Kai dai ka tsufa ne kawai."

Wannan kalmar ce ta ɓata masa rai. Ya miƙe, ya kaɗe riga, ya tari keke napep. Ya daina zuwa majalisa, har ɗinkin sallarsa wani tela ya kai wa, aka yi masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya sa abinsa ya je idi don kada a ce ya yi nadama. Sabon gem ɗin kuwa ya saya, wai don ya san iyakar ɓarnar da aka yi, amma ya kasa wuce rabi.

Ana cikin wannan gaba ne hawan jini ya kayar da shi a aji. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma sai kallon bango. Wata rana na same shi ya ɗora fad a cinya yana ƙoƙarin riƙewa da hannu ɗaya, yana zamewa. Da ya gan ni sai ya tura shi ƙarƙashin matashi.

Na je na gaya wa Garba. Ya rufe shago ya biyo ni. Ya yi sallama, ya zauna a gefen hagun Yaya, ya kunna sabon gem ɗin, ya zaro fad ɗin daga ƙarƙashin matashi ya riƙe ɓari ɗaya.

Ya ce, "Ni zan yi gudun da tsallen, kai ka yi saran."

Yaya ya harare shi. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Kada ka ɗauka na ce ya yi kyau ne."

"Wa ya tambaye ka? Danna."

Haka suka riƙa yi kullum da yamma, kafaɗa na gogar kafaɗa, suna faɗa. Garba ya yi dama, Yaya ya kai sara hagu, dodo ya cinye su, kowa ya ce laifin ɗan'uwansa ne. Anti Rabi ta ce mini a falon nan ta sake jin dariyar mijinta. Har likita ya yaba yadda maganarsa ke sakuwa.

Sun kai ƙarshe ina wurin. Dodon ƙarshe ya faɗi, sunayen masu gem ɗin suka fara hawa, kiɗa na tashi a hankali. Garba ya ce, "To Hamma, ya ka gani?"

Ya ce, "Sun ɓata shi."

Garba ya kai hannu zai kashe, Yaya ya riƙe masa hannun riga. "Bari kiɗan ya ƙare tukuna."

Na ga Garba ya juya fuska yana gyara hula.

Ciwon ya dawo kafin damina ta wuce, wannan karon bai tashi ba. Garba ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Allah ya jiƙan Yaya Hammadu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya raya abin da ya bari, ya haɗa shi da Inna a gidan Aljanna. Amin.