Gadin Ɓarawon da Ke Shigowa ta Waya

A shekarun da aka fara jin labarin intanet a Yelwa, ni ke gadin ofishin wata ƙungiyar masunta. Wasu masu tallafi suka ba mu kwamfuta da za ta riƙe wasiƙunmu da shafinmu, don masu sayen busasshen kifi daga nesa su riƙa samunmu. Injiniya ya zo daga Birnin Kebbi ya jona ta da waya, ya faɗi abin da take buƙata: batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta, fanka, da wani ƙaramin akwati da zai tsaya tsakaninta da wayar yana tace masu shigowa. Ya ce akwai ɓarayin da ta cikin waya suke bi su kwashe wasiƙu.

Ciyaman ya yarda da fanka nan take, tunda shi ma zai sha iska. Da aka zo kan akwatin sai ya nuna ni da baki. "Injiniya, ga mai gadi muna da shi. Mi za mu yi da na biyu?" Ya juyo gare ni. "Malam, in wani abu ya ɓace cikin wagga na'ura, a bakin aikinka."

Kwana uku ina neman mafita. Ɓarawon katanga na san shi, ina da gora. Wannan kuwa ko sawunsa ba a gani. Na tambayi sakatare yadda zan gane an ɗauki wasiƙa, ya ce shi ma bai san ko nawa ne a ciki ba.

A bakin ruwa na samu dabara. Ba masuncin da ke barin injinsa a jikin jirgi. Da ya fito zai kwance shi ya saɓa a kafaɗa. Sai na zare wayar, na naɗe ta, na sa a aljihu. Ba na mayarwa sai sakatare ya shigo, shi kuwa sai ranar kasuwa yake leƙowa.

Wata biyu hankalina kwance. Sai ga wani ɗan kasuwa daga Kudu ya zo da kansa yana faɗa: sau uku wasiƙarsa tana koma masa, har ya gaji ya yi ciniki da mutanen Ngaski.

Aka kira injiniya. Da na ciro wayar daga aljihu, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, duk jihar nan babu na'urar da ta kai wannan tsaro. Ko mai ita bai shiga!"

Kwamiti ya zauna tun hantsi har azahar. Ba su sayi akwatin ba, ba su kuma kore ni ba. Aka mayar da wayar jikin na'urar, aka kira maƙeri ya rufe wurin da ta shiga da ƙarfe, aka sa kwaɗo, ciyaman ya riƙe makulli. Aka sake jaddada mini cewa abin da ke ciki yana wuyana, amma kada in ƙara taɓa waya. Shekara huɗu na yi ina zama kusa da ita da gorata, har na bar aikin ban san ko an shiga ba.