Sunan da A'i Ba Ta Faɗa

Lokacin da nake takabar Malam, a tsohon gidanmu na Hindawiyya kafin a rushe unguwar, kullum in na idar da sallar asuba sai in ji motsin leda a ƙofa. In na buɗe sai in tarar da burodin tamis mai zafi rataye a mariƙi, wani lokaci da ɗan wake a roba. Ba a ƙwanƙwasa, ba a sallama. Sai da na kusa fita takaba na gane A'i ce, maƙwabciyarmu ta ƙasan bene, mai sayar da gyaɗa da ƙosai a bakin Balad, tsohuwar kasuwar gari. Da na yi mata godiya sai ta ce ita ba ta san zancen ba, ta shiga tambayata ko ina da sauran kanwa.

A nan Jidda aka haife ta. Kakanta ne ya zo aikin Hajji a ƙasa, ya zauna. Larabcinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma a cikin gida tarbiyyar kakarta ta riƙe, har da kunyar ɗan fari. Sunan ɗanta na fari Abduljalil, kuma ban taɓa jin sunan a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko ta ce "shi". Abincinsa ƙanwarsa take miƙa wa ta kai masa. In ya faɗi ya fasa gwiwa wurina take turo shi, ita kuma ta tsaya bayan labule tana sauraron ko ya daina kuka. In tana suya, kaskon farko gefe take ajiyewa, kowa a gidan ya san na wane ne.

Yana shekarar shiga makaranta wata budurwa Balarabiya mai suna Arwa ta gan shi zaune kusa da farantin uwarsa a Balad. Ta yi karatu a Ingila. Ta ce a can ta ga wani shiri da ake bin yara, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, ana komawa wurinsu bayan 'yan shekaru a ga yadda rayuwa ta yi da kowa, kuma tana son yin irinsa a Jidda. Ta riga ta samu wani yaro Rayan, ɗan wani attajiri a arewacin gari, da wasu 'yan kaɗan. Usuman, mijin A'i, ya ce shi bai ga laifi ba. A'i ce ta ja baya. Arwa ta yi ta zuwa, ta cire takalmi a ƙofa, ta zauna a tabarma, ta ci tuwo da hannu yaji yana sa ta hawaye, tana kiran A'i Khala, wato gwaggo. A haka ta shawo kanta.

Ranar da aka fara ɗauka ina wurin. Arwa ta saita kyamara ta ce A'i ta faɗi sunan ɗanta da abin da take fata ya zama. A'i ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige kicin. Arwa ta ɗauka ta ɓata mata rai ne. Ni na zaunar da ita, da gurgun Larabcina na bayyana mata cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta rungumarsa a idon kowa, kuma ba ƙi ba ne, so ne ya yi yawa har ake jin nauyin nuna shi. Ta juyo da kyamarar kaina ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta dafa ƙirji ta ce ba ta taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba, lallai sai duniya ta ji shi. A'i ta leƙo daga kicin ta ce, "Rahma, gaya mata ta yi aure ta haihu tukuna, ta bar cika mu da tambaya." Arwa ta yi dariya har ta kusa ture kyamarar.

Daga nan ta zama 'yar gida. Bayan 'yan shekaru sai ta dawo da kayan aikinta, tsakani kuma tana zuwa haka nan. Da Usuman ya rasu ta zo gaisuwa ta zauna cikinmu. Da za ta yi aure A'i ta haɗa mata turaren wuta da hannunta. Ba ta taɓa nuna mana abin da take ɗauka ba, ta ce sai yaran sun girma za a haɗa shi gaba ɗaya. Ba mu matsa ba.

Rasuwar uban ce ta fitar da Abduljalil daga makaranta. Ya koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya riƙe ƙannensa, ya auri Nuf, suka kama gida a Waziriyya. Bayan an tashe mu daga Hindawiyya ni da A'i muka sake zama maƙwabta, kuma kowace Juma'a yana kawo mata yaran. Hausarsa ta ji ce, in zai amsa rabi Larabci ne.

Da shirin ya fito, a gidansa muka kalla, bayan la'asar. Nuf ta yi shayi. Aka nuno Rayan yana ƙarami uwarsa tana sumbatar kansa, tana kiran sunansa, tana jera abin da zai zama. Aka nuno A'i ta rufe fuska ta tashi. Aka nuno Rayan ranar gama jami'a uwar ta rungume shi tana kuka. Aka nuno Abduljalil ya shigo da gumi, ya gaishe da uwarsa, ita kuma ta kau da kai tana juya miya. Ina ta jira in ga kaina ina bayani, har na gyara zama. Ban fito ba. Muryar Arwa ce ta fito a hankali tana cewa a duk shekarun da ta yi tana shiga gidan nan ba ta taɓa jin uwar ta kira sunan ɗanta ba, kuma wataƙila ba kuɗi kaɗai ke raba yaro da yaro ba.

Sai wata hira da ba mu san an yi ta ba. Abduljalil ne shi kaɗai a shagonsa. Arwa ta tambaye shi ko uwarsa ta taɓa ce masa tana alfahari da shi. Ya daɗe yana murza wata waya a hannu, sannan ya ce a'a. Aka bar kyamarar a kan fuskarsa.

Ba wanda ya taɓa shayin. 'Yarsa Joud ta juyo ta tambayi kakarta da Larabci me ya sa ba ta son Baba. A'i ta ce lokacin magariba ya kusa, mu tashi.

Washegari ta sa na buga wa Arwa, na buɗe muryar muna ji tare. Arwa ta ce lokacin shirin ne ya yi kaɗan, dole aka yanke abubuwa da yawa, kuma masu kallo ba za su gane al'adar ba. A'i ta tuna mata abin da ta faɗa ranar farko. Sai ta ce, "Amma Khala, ban yi ƙarya ba. Kin taɓa faɗin sunansa?"

A'i ta ce, "Kin ci tuwon gidana." Ta miƙo mini wayar.

Guntun hirar ya yi ta yawo a wayoyin mutane. Masu kawo gyara shagonsa suna dafa kafaɗarsa suna ba shi haƙuri. Tsofaffinmu sun gane, amma yaran da aka haifa a nan, ciki har da Nuf, sun tashi ne suna jin ana kiran kowace uwa da sunan ɗanta na fari, Ummu wane, tana amsawa da fara'a.

Juma'ar da ta biyo ya zo shi kaɗai. Ina ɗakin, na yunƙura zan fita ya ce in zauna. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Ummi, na san al'ada, wallahi na sani. Amma sau ɗaya kawai. Ki ce Abduljalil, shi ke nan."

Na ga ta buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ka ci abinci?"

Ya ce ya ci. Ya sumbaci kanta ya fita.

Bai yanke ta ba, kada in zalunce shi. Shinkafa da gas ba su daina zuwa ba. Amma zaman Juma'a ya ja baya, in ya zo a tsaye yake gaisuwa. Da na'urar ɗakinta ta lalace sai ya bari A'i ta tafi Balad ya zo ya gyara. Arwa ta aiko da kwandon dabino a watan azumi, A'i ta sa aka kai masallaci.

Bayan ƙaramar Sallar bara A'i ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Allah Ya jiƙanta. Ranar uku na kira shi gefe na isar masa da saƙonta. Ya ce in maimaita, na maimaita, ya kifa kansa a gwiwa ya daɗe bai ɗago ba.

Saƙon ta ba ni shi ne tun kafin ciwon, wata rana muna ɓarar gyaɗa, ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Rahma, in na riga ki, ki gaya wa yaron nan ina faɗin sunansa. A sujada nake faɗa, cikakke, tun ranar da aka raɗa masa shi. Amma don Allah kada ki gaya masa ina raye. Ba zan iya haɗa ido da shi ba."