Rufin Asiri da Rufin Ɗaki

Gidanmu na kwatas ɗin ma'aikata a Yelwa yana da wata baiwa da ba kowane gida Allah ya ba ba: ruwan sama kan fara sauka a ɗakin Inna kafin ya sauka a tsakar gida. In an ɗauke a waje kuma, mu a ciki sai mun ƙara rabin awa. Gwamnati ce ta gina gidajen a jere ta zuba ƙananan ma'aikata, mu muka samu na ƙarshe ta wajen tafki, don Baba masinja ne a ofishin masu kula da kamun kifi. Kwanon rufin ya ci tsatsa har ya koma rariya. Babbar ɓular da ke tsakiyar ɗaki Kwara muke kiranta, sunan babban kogin garinmu, saboda yawan ruwanta. Bangon da ya raba mu da gidan direba kuwa ya tsage, tsagar da ni da 'yar direba muke miƙa wa juna ƙuli-ƙuli ba tare da kowa ya nemi takalmi ba. Daminar da ta gabata buhun shinkafarmu ya tsiro a ƙarƙashin gado. Na ce a bar shi mu girbe, aka ce ba ni da kunya.

Ina hutun makaranta, ana tsakiyar bazara, Baba ya dawo daga aiki ya ce jibi masu duba gida za su zo daga Sakkwato.

Inna ta saki ludayi. "Duba-gari?"

"Ni dai duba na ji," in ji Baba. Shi ya ɗauki takardar daga wannan tebur zuwa wancan, amma bai iya karatun boko ba.

Duk wanda ya san Inna ya san abu biyu take tsoro a duniya: kunama da duba-gari, mutumin nan mai leƙa randa, in ya ga tsutsa ɗaya ya kai mace gaban alƙali. Kafin Baba ya cire hula, muryar matar direba ta ɓullo ta tsagar bango.

"Wallahi a Shanga an ce gidan da suka iske da aibi, jan fenti suke shafa mai, su ce a kwashe kaya a fita."

Ba ta taɓa zuwa Shanga ba. Amma kafin la'asar labarin ya zagaye kwatas ya dawo mana da ƙari, wai har da ɗaurin wata uku.

Kwana biyu ba mu zauna ba. Inna ta sa na shafe bango da farar ƙasa har hannuna ya yi kamar na mai tuyar gari. Tsagar bango aka rufe ta da sabuwar tabarma mai ado. Silin da ruwa ya ci ya bar rami, aka ɗaure zanen gado mai furanni a ƙarƙashinsa, kai ka ce ɗakin amarya. Ƙofar banɗaki mai tsayuwa da ƙafa ɗaya aka ɗaure ta da igiya, aka rataya tawul a kan igiyar.

Na ce, "Baba, in suka ga komai lafiya, wa zai gyara?"

"Ke dai yi aikinki. Talaka ba shi da abin da ya wuce rufin asiri."

"Rufin asiri yana tare ruwa?"

Ranƙwashin da na sha har yau in na taɓa wurin ina jin amsar.

Ranar da aka ce, motar gwamnati ta tsaya a bakin layi. Mutum ɗaya ne ya fito, dogo mai tabarau, da allo mai maƙale da takardu, da tef na awo a aljihu. Ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, bai iso namu ba sai da rana ta take, gumi ya manne masa riga a baya. Baba, wanda ya roƙi izini daga ofis don ya tarbe shi, ya shigo da shi ɗakin Inna yana ta sunkuye-sunkuye, ya ajiye masa kujera a tsakiyar ɗaki. Daidai ƙarƙashin Kwara.

Baƙon ya zare biro. "To, Malam, yaya gidan?"

"Lafiya lau, ranka shi daɗe."

"Rufi fa?"

"Alhamdu lillahi."

"Bango?"

"Sai godiya. Gwamnati ta yi ƙoƙari."

"Ba ya yoyo?"

Inna ta amsa daga bayan labule. "Yoyo? Wanga ɗaki? Ko raɓa ba ta shiga."

Ni aka sa na kawo masa ruwa. Da na durƙusa, idona ya faɗa kan takardarsa, kuma ajina biyu a sakandare, ba a banza nake cin shinkafar makaranta ba. Layi uku ne: gida mai kyau, mai dama-dama, da wanda za a gyara kafin damina. Babu jan fenti, babu ɗauri. Gidajen maƙwabtanmu duk an yi musu alama a layin farko, har da na mai gadi wanda akuya ke shiga ta bango. Biron yana gangarowa namu.

Na zame bayan labule. "Inna, ba duba-gari ba ne. Gyara za su yi."

"Rufe mani baki. Haka suke cewa don su ji cikin mutum."

"Wallahi na karanta."

"Wagga ɗiya, in kika sa aka fitar da mu, gidan boko za ki kai mu mu kwana?"

Na leƙa wajen Baba, ya yi mani wani kallo da ya isa ya kashe kaza. Gaban baƙo yarinya ba ta ƙaryata ubanta, wannan na sani. Amma ban taɓa jin an hana yarinya ɗiban ruwa ba.

Na cika bokiti a randa, na taka turmi, na hau katanga, na rarrafa kan kwanon da ke ƙuna kamar kaskon waina. Inda Kwara take ba ya ɓace mani. Na yi bisimilla na juye.

Daga baya 'yar direba, wadda ta ga komai ta gefen tabarma, ta ba ni labari. Zanen gadon ya riƙe ruwan na ɗan lokaci, ya kumbura kamar cikin akuya mai 'yan biyu, sannan ƙusa ɗaya ta ce ta gaji. Ni dai daga sama ƙarar kawai na ji, sai shiru. Can sai muryar baƙo.

"Malam, ruwa ake yi?"

Baba ya leƙo ƙofa, ya dubi rana tsaye ƙiri-ƙiri, babu ko gajimare na magani. Ya ce, "Ikon Allah."

Na ga in na yi shiru ikon Allah zai tafi da aikina. Na ɗaga murya. "Ranka shi daɗe, wannan bokiti ɗaya ne! Da damina sai da kwalekwale muke zuwa gado!"

Baƙon ya fito tsakar gida, ruwa na ɗiga daga haɓarsa, takardar ta zama kunu. Inna ta fito da muciya. Ya cire tabarau ya dube ni a sama, ya daɗe yana dubana, har na fara tunanin wane gari za mu koma. Sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Inna, a yi mata haƙuri tukuna. Ke, sauko. Ke za ki zagaya da ni."

Ya yage takardar ya ɗauki sabuwa. Na nuna masa silin, na kwance tawul, ƙofar banɗaki ta faɗi a gabansa kamar mai gaisuwa. Da ya ɗaga tabarmar bango, sai ya yi ido huɗu da matar direba, wadda ta ture 'yarta ta karɓi wurin kallo.

"Sannu da aiki," in ji ta.

"Yauwa, sannu," ya ce, ya sa tef ya auna tsagar daga goshinta zuwa ƙasa.

Da zai tafi ya juya ga Baba. "Tun safe kowa lafiya lau yake ce mani. Ni ba gaisuwa na zo yi ba. Abin da na rubuta shi za a ba kafinta."

Baba ya sosa ƙeya. "To ai kai ka ce yaya gida, ranka shi daɗe. Wa aka taɓa ce wa yaya gida ya ce ba lafiya?"

Mutumin ya mayar da tef aljihu. Ya dubi layin gidajen da ya baro, ya dubi agogo, ya ce dole ya isa Wara kafin magariba. Mota ta tashi.

Muciyar da aka ce a yi mani haƙurinta ba ta jira motar ta sha kwana ba. Kuma sati uku Inna ba ta yarda da ni ba. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ta fara ɗaure kwanuka a zane, tana cewa ga masu jan fenti nan, ni da na jawo sai in ji daɗi. Baba ya rage cin tuwo. Ni kaina na fara shakkar ko na karanta takardar daidai, don malamin Turancinmu ma ba ya yabona sosai.

Ana saura kaɗan hadarin farko, wata akori-kura ta tsaya a ƙofarmu da sabon kwano yana ƙyalli, da kafintoci biyu. Gidanmu kaɗai suka hau a duk layin. Bango kuwa suka ce aikin birkila ne, takardarsa daban, a jira.

Da yamma matan kwatas suka cika tsakar gidanmu, kowa ta ɗaga kai tana kallon rufi kamar an ga wata. Ina tsugune ina wanke-wanke na ji matar mai gadi tana tambayar Inna yadda aka yi.

Inna ta gyara ɗaurin kallabi. "Ai ni tun da na ga mutumin na san ba duba-gari ba ne. Ni na ce da yarinyar ta hau."

Na ɗago kai.

"Ke, mi kike kallo? Tukunyar can ita za ta wanke kanta?"