Ƙa'idar Zdenka a bakin tanda

Shekara talatin Zdenka Vrbanić ta yi a ɗakin gwajinmu na Zagreb tana gasa ƙwayoyin tagulla da iskar oksijin a tanda. Ƙwayoyin baƙaƙe ne, ba sa wuce tsabar shinkafa, kuma lantarki ba ya ratsa su. Ba ta da digiri, ba ta kuma ƙaunar masu shi.

Da na dawo daga karatu a Japan, na samu kwana uku a babbar na'urar haske ta Trieste, don in haska ƙwaya ɗaya in ga yadda lantarkin da ke daskare a cikinta yake motsawa. Sai da na yi wata biyu ina roƙonta kafin ta ba ni guda.

"Ba a magana a kanta, Dokta," ta ce. "Kame bakinka in na buɗe kwalbar."

Na ɗauka camfi ne. Na sunkuya ina yaba kyan ƙwayar, ina ba ta labarin yadda ake yi a Sendai, inda na yi karatu.

A Trieste muka tarar fuskar ƙwayar ta yi fari. Danshin numfashina ya cinye ta, kwana ukun suka tafi a banza.

Na koma na nemi wata.

"Malama Zdenka, ki yi haƙuri."

"Haƙuri ba ya gasuwa a tandata," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Mako bakwai na yi a kan waccan. Ka rubuta wa mutanen Sendai su aiko maka."