Ranar da Aka Ƙirga Ni

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Mama ba ta faɗin sunana. Idan za ta aike ni, sai ta dubi bango ta ce, "Wani ya miƙo mini tsintsiya," ni kuwa na san ni ce wanin. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma maƙwabta suna yabon ta a kai, wai ta iya kara. Ni dai ban ga abin yabo ba. Ƙannena huɗu kowa ana kwaɗa masa kira har bakin titi, ni kaɗai ce "ke".

A Kurmin Mashi muke zaune lokacin da gwamnati ta shirya ƙidayar jama'a, ina ajin ƙarshe na firamare. Da farko wasu mutane suka zo suka rubuta lamba a jikin ƙofarmu, suka rubuta wa maƙwabta tasu, har shagon mai faci bai tsira ba. Baba ma'aikacin gwamnati ne, aka tura shi wani gari duba aikin masu ƙidaya. Ranar da zai tafi, yana haɗa kaya bayan la'asar, na tambaye shi me gwamnati za ta yi da yawanmu.

Ya ce, "Mamanku tana ɗora tukunya ba ta san baki nawa za su ci ba?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To, haka gwamnati take. Idan ta san yara nawa ne a unguwar nan yau, akwai masu lissafi da za su zauna su gano nawa za su zama nan da shekara goma. Sai a san aji nawa za a gina, gadon asibiti nawa, bututun ruwa mai wane girma. Har waɗanda ba a haifa ba ana yi musu tanadi."

A ce wani mutum yana zaune a ofis da biro, bai taɓa ganinmu ba, yana ajiye wa jaririn da ko cikinsa ba a ɗauka ba wurin zama a aji! Na ce, "Wanda ba a ƙirga ba fa?" Baba ya zuge jakarsa ya ce, "Ba a san da shi ba." Ya faɗa ne kawai, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Ranar ƙidaya aka hana fita. Ban taɓa ganin Kaduna haka ba. Na leƙa ta ƙofa, babban titin da kullum motoci ke rugugi a kai ya koma fayau, sai wata akuya da ta kwanta a tsakiya abinta. Ƙasa guda ta zauna a gida domin a duba fuskar kowa. Na yi wanka tun da safe, na sa kayan sallata, Mama ta harare ni ta ce wa bango, "Wasu dai kamar biki za su."

Wajen hantsi wata malamar makaranta ta yi sallama, riƙe da manyan takardu da 'yar kwalbar tawada. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Ta rubuta Mama, sannan ta ce, "Hajiya, yara nawa?"

Mama ta ce, "Huɗu," ta jero sunayen ƙannena tun daga mai bi na har auta.

Ba ƙarya ta yi niyya ba. Haka take amsa wa kowa, kuma duk matar da ta tambaya ta san a ƙara ɗaya. Amma wannan ba hirar suna ba ce, takardar gwamnati ce. Ina kallo aka cika layi huɗu, aka shafa wa ƙannena tawada a babban yatsa, suna ta tsalle. Layin da ke biye fari fat.

Malamar ta ɗago ta gan ni tsaye jikin randa. Ta ce, "Ke 'yammata, ya sunanki?"

Da na buɗe baki da an wuce wurin. Amma taurin kaina na gado ne. Na yi gum, na kafe Mama da ido, hawaye na bin kumatuna. Malamar ta dube ni, ta dubi Mama, ina jin a nan ta gane. Ta gyara zama ta ce, "Hajiya, dole in rubuta matsayin kowa a gida. Wannan 'yar aiki ce, ko baƙuwa?"

Mama ta ajiye farantin shinkafar da take tsincewa. Ta ce, "'Yata ce."

"Sunanta fa?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wa bangon nan nata, ta faɗi sunana. A hankali ta faɗa, amma cikakke, yadda aka raɗa shi. Da aka zo kan shekaru kuwa, ta ba da rana da wata, ta ƙara da cewa ranar Alhamis ce, ana kiran azahar, ana yayyafi. Malamar ta yi murmushi ta ce babu gurbin yayyafi a takardar. Ni ban taɓa sanin Mama ta riƙe ko ɗaya daga ciki ba.

Aka shafa mini tawadar. Kwana da kwanaki ina wanke-wanke da yatsan a ɗage don kada tawadar ta goge.

Ban san ko an gina wani aji saboda layin nan nawa ba, ko da yake har yau idan na wuce makarantar unguwar na ji hayaniyar yara, sai in tuna masu lissafin da Baba ya faɗa. Mama kuwa ba ta ƙara kiran sunana ba har Allah ya karɓi ranta. Sau ɗaya tak na ji shi a bakinta, kuma sai da gwamnati ta tsayar da ƙasa gaba ɗaya kafin in ji.