Takardar Sale a Cikin Gafaka

A shekarar da aka yanko Jigawa daga Kano, lokacin da muke kewaye rediyo a Sundimina muna sauraro, ƙanena Sale ya fara tashi daga sujada da dabara. Sai ya dafa tabarma, ya dafa gwiwa, ya bi cinyarsa da hannu har ya miƙe. Bana shekararsa goma sha biyu da rasuwa, amma ina rufe ido nake ganin wannan tashin, a hankali, kamar mai fitowa daga ruwa.

Sharaɓarsa ta yi kauri. Abokansa kan ce, "Sale, wannan ƙafa taka ai ta huɗar kadada ce!" Yana dariya, alhali kunya ɗaya ba ya kaiwa ƙarshenta. Mu muka ce mataccen jini ne ya taru.

A asibitin Birnin Kudu likita bai taɓa shi ba tukuna. Cewa ya yi, "Malam, zauna a ƙasa, ka tashi in gani." Ya yi bayanin da ya wuce mu, wani ma'aikaci ya rubuta mana takarda da Hausa. Inna ta girmama takardar, ta naɗe ta cikin gafakar Alƙur'ani. Mako na zagayowa muka kai Sale wurin wanzami a Gwaram.

Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata. Takardar nan ita ce abu na farko da na karanta ni kaɗai, ina bi da yatsa: "Ciwon tsoka ne. Kada a yi tsaga. A kai shi Kano gwajin jini. A duba 'ya'yan 'yan'uwansa mata."

Na sake karanta layin ƙarshe. Domin Habu, ɗan ƙanwarmu, saurayi mai shirin aure, ya soma dafa gwiwa a masallaci.

Da Sale na nan, na san dariya zai yi: "Yaya, sai yanzu?" Wani lokaci nakan gan shi a gefen gona yana tafe ba dafawa, gero na kaɗawa ta bayansa.

Na kai Habu Kano, an ɗebi jininsa, an faɗi sunan ciwon. Babu wanzamin da zai taɓa shi.

Abin da muka rasa shi ne: damina tara da Sale ya yi a zaune, tsaga goma sha huɗu a ƙafar da ba ta buƙata, layi huɗu da suka jira ni shekara ashirin, da Sale.