Ranar da Kakata Ta Ga Fatalwa a Bidiyo

Ko zan manta komai na shekarun da aka tare ruwa a Bakolori, ba zan manta abin da ya biyo bayan kai kakata kallon bidiyo ba. Lokacin ruwa ya riga ya shanye ƙauyenmu da ke ƙasar Maradun, mun koma Talata Mafara muna zaune gidan wani ɗan'uwan babana. Ina budurwa, ɗakinmu ɗaya da ita. Tun da muka taso bakinta ya mutu, abinci ma sai an lallaɓa ta.

Maƙwabciyarmu wata Kirista ce, malamar asibiti. Mijinta na aiki a wurin dam, shi ya zo da akwatin bidiyo daga Legas. Wata rana bayan Azahar ta shigo, suka gaisa da Kaka har da tambayar gajiya da kwanan iyali, sannan ta ce, "Mama, zo ki ga abin mamaki, ko zuciyarki ta yi sanyi." Ni na matsa mata har ta yarda.

Aka saki labule, ɗaki ya yi duhu. Fim ɗin Turawa ne. Mata da miji da 'ya'yansu sun tare a wani tsohon gida. Ƙofofi na buɗe kansu, kujera na lilo ba kowa a kanta. Can sai ga wata tsohuwa fara fat tana bin bango, tana shafa shi da tafin hannu. Matan unguwa da suka zo kallo suka ɗauki salati, maƙwabciyar tamu na kiran Yesu, ni kuwa na cusa kai cikin cinyoyina. Da na ɗago, sai na ga Kaka ko gezau, hawaye na bin kumatunta.

"Mi kuka tsoro?" in ji ta. "Baiwar Allah wagga gidanta na. Ƙohwar ɗakinta taka biɗa."

Muka yi dariya don tsoro ya sake mu. Ita ba ta yi ba.

Washegari da hantsi na dawo daga rijiya ban tarar da ita ba. Wani mai shayi ya ce ya ga ta shiga motar Maradun. Ni da Baba muka bi sawu. Rani ne, ruwa ya ja baya, kukokin ƙauyenmu sun fito matattu, baƙaƙe ƙirin, tsaye cikin ruwa. Ba iska, ko tsuntsu babu. Can muka hango ta, ruwa ya kai mata ƙugu, ta miƙa hannu gaba tana lalube.

Baba ya faɗa ruwa ya riƙo ta. "Inna! Ina za ki?"

"Sake ni. Ba ka jin daka? Yayata ta. Mun tahi mun bar su kwance nan, ko bankwana ba mu yi musu ba."

Yayar tata ta rasu tun kafin a haife ni. Amma ina tsaye a gaɓa na ji shi da kunnena: dum, dum, dum, kamar taɓarya biyu a turmi ɗaya, daga ƙarƙashin ruwa. Daga baya masunta sun ce ƙarar injinan dam ce ruwa ke ɗaukowa. Wataƙila. Har yau ban san me zan ce ba.

Baba bai ja ta da ƙarfi ba. Ya tsaya tare da ita cikin ruwan, suka fuskanci inda maƙabartar ƙauyenmu take. Ya yi ta karatu, ita kuma tana kiran mamatanta ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ku yahe muna, ba da son ranmu muka tahi ba." Muka shafa fatiha. Da ƙafarta ta fito, ta dafa kafaɗata, ta ce tana jin yunwa. Ta ƙara shekaru a duniya, ba ta sake neman komawa can ba.

A ranar na gane cewa mutum bai gama tashi daga wuri ba sai ya yi bankwana da waɗanda ya bari cikin ƙasa. Duk wanda aka hana shi wannan, jikinsa kawai aka tayar.